Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Bakalori a Motar Rodi

A Ƙofar Ruwa kunne ne ke fara isa kafin ido. Tun daga nesa za ka ji ana sauke rodi daga tirela, ƙarfe na faɗa wa ƙarfe, 'yan dako na ihun a ba su hanya. Ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya kafa harsashinta shekara 900 da suka wuce ta zaizaye a wannan kusurwa ta arewacin birni, abin da ya saura kuma gidaje da shaguna sun hau kai. Dutsen Dala yana can kusa, inda maƙeran farko suka narka tama tun kafin a san za a yi wani gari Kano. Har yau dai unguwar ba ta rabu da ƙarfe ba: rodi mai sha biyu da mai sha shida, kwanon rufi, ƙusa, fayif, kayan gyaran mota. Masu saye daga Katsina suke, daga Maraɗi, daga Damagaram.

Ɗan wan mahaifina yana da shago a nan, kuma shi ne zai aika da kaya Talatar Mafara wurin wani mai gina shaguna. Na roƙi kujerar gaba. Na daɗe ina son ganin madatsar Bakalori da idona, ga mota ta samu.

Muna jiran a gama lodi, ɗan garuwa ya turo kurarsa ta tsakanin tarin rodi, jarkoki na ɗiga, ƙafarsa duk taɓo. Mai shayi ya sayi biyu, masu alwala suka kewaye ɗaya. Ɗan mai shagon, saurayi ɗan jami'a, ya miƙo mini waya.

"Baffa, dubi wannan. Turawa ne fa ke zanga-zanga a garuruwansu saboda mutanen dajin Amazon, wai an tare musu kogi an sare musu daji. Ba danginsu ba ne, ba ƙasarsu ba. Mu a nan ko kusa ba a taɓa yin irin wannan ba."

Na ce masa ta yaya zai ce ba a taɓa yi ba, ya san abin da ya faru a Bakalori a 1980? Ya ce ya san dam ne a Zamfara, ana noman shinkafa. Iyakar saninsa ke nan, kuma ba laifinsa ba ne.

Mun tashi da sanyin safiya, muka bi ta Gwammaja, muka wuce gidan Mumbayya inda Malam Aminu Kano ya zauna. Na riƙe wannan a raina, domin a shekarar da aka harbe manoman Bakalori, jam'iyyar talakawa ta Malam, PRP, ita ke mulkin Kano a ƙarƙashin Abubakar Rimi, ita ke mulkin Kaduna a ƙarƙashin Balarabe Musa. A shekarar ce kuma ta fara darewa gida biyu, Santsi da Taɓo.

Daga Kabuga muka kama hanyar Gwarzo. Kudu da hanyar, a ƙasar Ƙaraye, akwai madatsar Challawa da aka gama a 1992. Babbar yayarta ita ce Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Duk Bakano ya san alherin waɗannan madatsu. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa da alkama. Daga kogunan nan biyu matatun Tamburawa da Challawa ke ɗibar abin da ake turo wa birni. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne inda ruwan yake zuwa a da. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma duk damina ya kan tumbatsa ya malale fadamun Haɗeja da Nguru. Idan ruwan ya janye, manomi ya bi sawunsa ya shuka, masunci ya kwashi kifin da ya maƙale a tafkuna, makiyayi ya shigo da rani ya sami ɗanyar ciyawa. Da aka tare kogunan, ambaliyar da ake jira ta ragu ƙwarai, sai ɗan ruwa da ke gudana rani da damina ba yankewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan tsuntsun jan-baki mai share gonar shinkafa. Masu bincike da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan ya fi kawo amfani idan an bar shi ya malale fadamar, fiye da abin da yake kawowa a manyan filayen noman rani na sama. Ban taɓa jin an fito daga wata ƙofa ta Kano da kwalaye saboda mutanen Guri ko Kirikasamma ba. Mu ne muka sha ruwan, shi ya sa bakinmu ya yi nauyi.

Daga Dayi zuwa Malumfashi zuwa Funtuwa ba abin da ya ja hankalina kamar buhunan gawayi da ke jere bakin titi, da ƙullin itace. Direbanmu, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce shi ya san lokacin da in ka bi nan inuwa ce ke miƙa ka ga inuwa. Namu dajin ba irin na Amazon ba ne mai duhu da ruwan sama kullum, amma abin da gatari ya yi wa ɗorawa da kaɗanya da marke, da abin da injin yanka ya yi wa madobiya a Taraba lokacin da ake loda ta zuwa Sin, ba a buƙatar tafinta kafin a gane shi.

Bayan Funtuwa hira ta mutu a motar. Kowa ya san labarin hanyar 'Yankara zuwa Tsafe, ba mai bin ta da dare in yana da zaɓi. Yaron mota ya daina taɓa waya, direba ya riƙa jan carbi da hannu ɗaya. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana muka sami bakin magana. Muka kwana Gusau, da gari ya waye muka bi ta Bunguɗu da Maru.

Kafin ka shiga Talatar Mafara da rani, launin ƙasa ke fara sauyawa. Ka baro ƙura da karan dawa busasshe, sai ga kore shar har iyakar gani. Shinkafa ce sala-sala, ga albasa, ga dankali, ga rake, ruwa na gudu a magudanan siminti, yara na iyo a ciki, mata na wanki. Wanda ya zo da niyyar zagin dam dole ya haɗiye rabin maganarsa. Akwai gidaje da yawa a nan da ruwan Bakalori ke ciyarwa, yake aurar da 'ya'yansu, yake kai su Makka. Mai gina shagunan da muka kawo wa rodi ma da kuɗin shinkafa yake gininsa.

Shi ne ya haɗa ni da mai babur da ya kai ni bakin madatsar, da sharaɗin mu juyo kafin la'asar. Tudun ƙasa ne da aka tara ya miƙe kilomita 5 da rabi ya tare kogin Sakkwato, a tsakiya ga ginin kankare mai tsawon mita 48. Bayansa tafki ne mai faɗin hekta 8,000, mai ɗaukar kubik mita miliyan 450. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin daga 1974 zuwa 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, lokacin kuɗin fetur na zuba, yunwar farin 1973 kuma ba ta bar zukata ba. Niyyar ba mugunta ba ce. An ce za a shayar da hekta kusan 30,000, a noma alkama a daina sayo ta daga waje.

Amma ƙarƙashin wannan tafki da nake kallo akwai gonakin fadama da gidaje da makabartu na mutanen yankin Maradun, wajen mutum 13,000, waɗanda aka kwashe aka kai kan tudu mai tsakuwa. Waɗanda ke ƙasan dam ɗin, inda za a shimfiɗa noman rani, nasu ya zo da wata siga. Katafila ta shiga gonakinsu don a baje ƙasa a yi magudanai, ta tuge itatuwa, ta share iyakokin da kowa ya gada. Damina ta zo ta wuce ba shuka, wata ta sake zuwa. Da aka zo mayar wa mutane gonaki, wani ya tarar tasa ta ragu, wani an ba shi ta wani, wani sunansa ya ɓace daga takarda. Kuɗin diyya kuwa, inda ya fito ya biyo ta hannuwa da yawa, ya iso a rame.

A gindin wata bishiyar mangwaro kusa da babbar magudana na sami wani dattijo yana gyaran fartanya. Mai babur ya ce yana saurayi aka yi abin. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi daga inda nake.

"Daga Kano? Sannu da hanya, ɗana. To mi kaka son ji?"

Na ce, "Baba, yadda aka fara."

"Yadda anka fara? Da alƙawali anka fara. Sunka ce muna ku yi haƙuri shekara guda, gonakinku za su dawo da ruwa rani da damana. Munka yi haƙuri. Ɗorawa tara mahaifina ya bari, katafila ba ta bar ko guda ba. Munka kai kuka ga hakimi, munka kai ga hukuma, kullum a ce gobe. Yunwa ba ta san gobe ba. Shi ne munka aza itace bisa hanya, munka ce motar kamfani ba ta wucewa sai an biya."

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke rubuce. Daga ƙarshen 1979 manoma suka riƙa datse hanyoyin aikin, suka tsayar da shi cik. Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa na NPN, ya zo ya yi alkawarin biya. Shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar ne. Kowace rana da aiki ya tsaya asara ce ga kamfani da gwamnati, kuma haƙurin masu mulki ya fi na manoma gajarta. A ƙarshen watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, suka bi ƙauyuka, aka ƙona gidaje da rumbuna. Birnin Tudu na cikin wuraren da abin ya fi muni. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bi sawu daga baya sun kawo adadin da ya kai 386.

Na tambaye shi ko akwai wanda ya zo musu daga waje a watannin da suka yi kan hanya. Ya ɗaga kai ya dube ni.

"Daga ina? Mu da Allah."

Wannan amsa ce ta mayar da ni ga hoton da ke cikin wayar yaron nan. A watan Fabrairun 1989, shekara tara bayan Bakalori, mutanen Kayapo da maƙwabtansu na bakin kogin Shingu suka yi taro a garin Altamira na ƙasar Brazil, don ƙin jerin madatsun da za su nutsar da dajinsu. Ba su zo su kaɗai ba. Shugabanninsu, irin su Raoni da Paiakan, sun riga sun nemi abokai a waje, har Paiakan ya je Washinton ya kai ƙara gaban Bankin Duniya. Ranar taro garin ya cika da 'yan jarida da masu kare muhalli daga ƙasashe da dama, har da mawaƙin Ingila Sting. A gaban kyamarorin nan wata mata mai suna Tuira ta taso ta ɗora kaifin addarta a kuncin babban jami'in kamfanin lantarki, José Antônio Muniz Lopes. Ba ta yanke shi ba. Hoton ya zaga duniya, rancen dala miliyan 500 da Brazil ke nema daga Bankin Duniya don harkar lantarki bai fito ba, aka naɗe shirin aka ajiye.

A ɗauki wannan adda a kai ta shingen Bakalori, inda ba kyamara ko ɗaya. Da ita za a kafa hujjar cewa manoma ne suka fara.

Kada kuma a zuzuta abin ya wuce kima. Shirin Shingu ya dawo da sabon suna, Belo Monte, aka ba shi lasisi a 2010, duk da zanga-zangar da aka yi ta yi a biranen Turai da Amurka. Injin farko ya fara juyawa a 2016, aka kammala a 2019 da ƙarfin megawat 11,233. Mutum sama da 20,000 suka tashi daga muhallinsu, wani dogon lanƙwason kogin mai kimanin kilomita 100 ya rasa mafi yawan ruwansa. Tuira ta rasu a 2024, dam ɗin na aiki. Abin da taron dangi ya saya wa Kayapo shi ne jinkirin shekara ashirin da ƙaramin tafki maimakon wanda aka fara zanawa, da kuma cewa sun koma gida daga Altamira da ƙafafunsu. Wanda ya zauna gaban dattijon nan ba zai raina wannan na ƙarshen ba.

Ba wai Kano da Zariya sun yi shiru ɗungurungum ba. Bayan kisan 'yan adawa sun yi magana, jaridu sun rubuta. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aikin da ba don shi ba da yau sai dai a ce an ce. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya sa batun cikin littafin da ya shirya a 1982 kan danniyar siyasa a Najeriya. Okello Oculi ya rubuta, Björn Beckman ya rubuta a 1985. Ina girmama wannan aiki. Sai dai ga manomin da ya kwana wata da watanni a bakin shinge, ihu ne bayan hari. Da motar ɗalibai guda ta taso daga Kano, da lauyoyi biyu da mai kyamara sun kwana a Birnin Tudu a watan Maris, ina ganin mai ba da umarnin harbi sai ya sake tunani. Hanyar da na biyo a motar rodi ita ce dai hanyar, a lokacin ma ba ɗan bindiga ko ɗaya a kanta.

Akwai kuma waɗanda ko shingen ba su samu sun kafa ba, wato mutanen da ke can ƙasan kogi, daga nan har wajen Sakkwato. Ba a tashe su ba, ba a rushe musu gida ba, don haka ba su cikin lissafin diyya. Ruwan da ke malale musu fadama ne kawai ya daina zuwa yadda ya saba. Wani mai bincike ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan a farkon shekarun 1980, ya tarar dubban hektoci na shinkafar fadama sun koma gero da dawa, rijiyoyin lambu da ake ɗiba da jigo sun yi zurfi, kifi ya ragu, samari sun tafi cin rani ba su dawo ba. Irin asarar Haɗeja ce sak, ga ta a wani kogin. Mai irin wannan asara bai san ma ƙofar da zai je ya tsaya ba.

Aikin kansa bai cika alkawarinsa ba. Mafi girman filin an tsara shi ne da na'urorin feshin ruwa masu aiki da lantarki, abin da ya yi kyau a takardar injiniya. Wuta ta gagara, injuna suka lalace, bututun ƙarfen suka bi hannun mutane. Farkon shekarun 2000 abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, wajen da ruwa ke gangarawa da kansa. Alkamar da aka yi duk wannan domin ta, manoma suka bar ta suka kama shinkafa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 don shirin TRIMING, na gyaran Bakalori da aikin Kogin Kano da na kwarin Haɗeja da wasu. Yanzu akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, manoma ne da kansu ke karɓar kuɗin ruwa su yashe ƙananan magudanai. Wani matashi da na tarar yana buɗe wa gonarsa ruwa da sheburi ya ce damuwarsa uku ce: tsadar taki, layin jiran ruwa, da 'yan bindiga da ke hana zuwa gonakin nesa. Batun 1980 ya ji shi a bakin kakarsa.

A motar haya na dawo, cikin buhunan shinkafa da wani ɗan kasuwar kifi mutumin Gashuwa. Da ya ji daga inda nake, ya ce su nasu Bakalorin bai zo ba tukuna, amma kullum yana bakin ƙofa. Kafin Zaki yake nufi, madatsar da aka shirya yi a kan kogin Jama'are a ƙasar Ningi ta Jihar Bauchi. An fara ta zamanin Shagari, aka dakatar a 1984, aka sake tayar da ita zamanin Babangida, ta sake tsayawa. Tun da aka tare kogin Kano da na Challawa, Jama'are ne babban kogin da ya rage yana kai ruwan damina kai tsaye zuwa kogin Yobe, wanda Gashuwa da Gaidam da Damasak ke sha, har Diffa a Nijar. A 2008 gwamnatin Bauchi ta Isa Yuguda ta sake matsa lamba a kammala, Yobe da Borno suka ce ba su yarda ba. Na tambaye shi ko an taɓa zuwa an ji ta bakin masunta. Ya ce rigimar tsakanin gwamnoni da 'yan majalisa take, su a rediyo suke jin inda aka kwana.